Yadda Ƙaramin Kamfanin Intanet Zai Zaɓi Manhajar Kula da Adireshin IP

Yawancin ƙananan kamfanonin da ke sayar da intanet da shafin Excel suke fara rubuta adireshinsu na IP, wato lambobin da ake gane kowace na'ura da su a intanet, kuma babu laifi a cikin hakan muddin mutum ɗaya ne ke riƙe da shafin. Matsala tana farawa ne ranar da injiniya na biyu ya kwafi shafin a kwamfutarsa domin ya fita aiki, ya ba wani ofis adireshi na dindindin, ya dawo bai mayar da gyaran cikin ainihin shafin ba. Bayan mako biyu, wanda ke zaune a ofis ya duba nasa kwafin, ya ga layin babu sunan kowa, ya ɗauki adireshin nan ya ba sabon abokin ciniki. Daga ranar sai waya ta dinga kaɗawa daga ɓangarori biyu, kowa da ƙorafi iri ɗaya, wai intanet yana zuwa yana ɗaukewa. Za a duba eriya, a canza kebul, a zargi na'urar abokin ciniki, kafin wani ya lura a teburin ARP na rauta, inda na'urar da ke rarraba intanet ke rubuta wace na'ura ke kan wane adireshi, cewa adireshi ɗaya yana tsalle tsakanin lambobin MAC guda biyu, wato na'urori biyu daban.

Manhajar da ake kira IPAM a taƙaice ita ce maganin wannan ruɗani. Kundi ce guda ɗaya da ke nuna wane yanki na adireshi kamfani ya mallaka, yadda aka rarraba shi, wa ke riƙe da wane, da kuma abin da ya rage. Irinta suna da yawa, na kyauta da na kuɗi, kuma kuskuren da aka fi yi wajen zaɓe shi ne a jera su a kwatanta yawan abubuwan da kowacce ke iya yi. Wanda ya bi wannan hanya yakan ƙare da manhaja mai girma wadda babu mai buɗe ta, ma'aikata kuma su koma wa Excel ɗinsu a ɓoye. Zaɓen yana farawa ne daga yadda kamfanin ke aiki, sunan manhaja a ƙarshe yake zuwa.

Mataki na farko: ƙirga abin da ke hannunka

Kafin ka sauke ko da manhaja ɗaya, ka tara duk adireshin da ke yawo a cikin hanyar sadarwarka, ka raba su gida-gida. Gida na farko shi ne adireshin IPv4 na fili, wato na tsohon tsari da ake iya kaiwa gare su daga ko'ina a intanet, waɗanda ka karɓa daga hukumar rajista ta yankinka ko ka ara daga babban kamfanin da ke ba ka layi. Hukumomin nan biyar ne: AFRINIC ta Afirka, RIPE NCC ta Turai da Gabas ta Tsakiya, APNIC ta Asiya da Fasifik, ARIN ta Arewacin Amurka, sai LACNIC ta Latin Amurka. Ka rubuta a fili wanne ne naka, wanne ne na aro, domin na aro zai koma wa mai shi duk ranar da ka sauya layi, kuma duk abokin cinikin da ka ɗora a kansa sai an sauya masa lamba.

Gida na biyu shi ne adireshin cikin gida da takardar ƙa'idar intanet ta RFC 1918 ta keɓe tun 1996, wato 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16, waɗanda ake sa wa eriya da suwic da sauran kayan aiki. Lambar da ke bayan alamar / girman yanki take nunawa, duk lokacin da ta ƙaru da ɗaya yankin ya ragu da rabi. Na uku shi ne 100.64.0.0/10, wanda RFC 6598 ta ware a 2012 domin kamfanonin da ke tara abokan ciniki da yawa a bayan adireshin fili ɗaya ta hanyar CGNAT. Na huɗu shi ne IPv6, sabon tsarin adireshi mai yalwa, idan ka karɓa. Ka haɗa da lambobin VLAN, waɗanda ke raba hanyar sadarwa ɗaya zuwa sassa, da lambar AS ɗinka, wadda ake gane kamfaninka da ita a tsakanin kamfanonin intanet, domin su ma ana yin karo a kansu kamar yadda ake yi a kan adireshi.

Dalilin wannan ƙirga ba ƙarami ba ne. Adireshin IPv4 gaba ɗayansu kimanin biliyan 4.3 ne, kuma IANA, hukumar da ke raba wa hukumomin yankuna adireshi, ta raba na ƙarshe da ke rumbunta a watan Fabrairu na 2011. ARIN ta ƙarar da nata a Satumba na 2015, RIPE NCC a Nuwamba na 2019, AFRINIC kuma ta shiga zango na biyu na tsuke rabo a Janairu na 2020, inda mafi yawan abin da take bayarwa a neman guda shi ne /22, adireshi 1,024 ke nan. Duk adireshin da ya ɓace a cikin shafin Excel, yana nan a rubuce da sunan abokin cinikin da ya tafi tun shekara biyu, dukiya ce da ke kwance. Kuma idan ka koma wa hukumar rajista neman ƙari, abin da za ta fara tambaya shi ne shaidar yadda ka yi amfani da na baya.

Mataki na biyu: tsara rabo a takarda

Manhaja ba ta tsara wa kowa adireshinsa, abin da ka zuba mata shi za ta adana, ko da a hargitse yake. Tun ran gini ran zane, saboda haka ka zauna da takarda ka fitar da tsarin da kake so ka kai, ko da yanzu ba haka abin yake ba.

A ɗauki misalin kamfani mai /24 guda ɗaya, adireshi 256, a kira shi 203.0.113.0/24, wanda yanki ne da aka keɓe domin misali a rubuce. Zai iya ware /26 na farko, adireshi 64, ga kayan aikinsa na tsakiya, /26 na biyu ya zama fuskar CGNAT, sauran /25 kuma ya tafi ga masu biyan kuɗin adireshi na dindindin. A cikin na kayan aiki ne ake yin asara ba a sani ba. Layin da ke haɗa rauta biyu, idan aka ba shi /30, ya ci adireshi huɗu alhali biyu kawai ke aiki. RFC 3021 ta halatta /31 a irin wannan layi tun shekarar 2000. Layi ashirin a kan /30 sun cinye 80, a kan /31 kuwa 40 ne, sai dai a tabbatar na'urorin da ke bakin layin suna karɓar /31 kafin a dogara da shi. Haka nan abokin cinikin da aka ba /29, adireshi takwas ya ɗauke daga rumbu, biyar kawai suka isa hannunsa bayan an cire na farko da na ƙarshe da na ƙofa, wato na rautar da ke fitar da shi intanet.

A IPv6 tunanin ya juya baki ɗaya, ba a ƙirga adireshi ɗaya-ɗaya. Kamfani yakan karɓi /32, wanda ke ɗauke da /48 guda 65,536. Tsarin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne a ba kowace tasha, wato wurin da kamfani ya kafa kayan aikinsa, /40, a ba kowane gida /56, a ba kamfanoni /48. A haka /40 ɗaya zai ɗauki gidaje 65,536, kowane gida kuma yana da /64 guda 256 na cikin gidansa. A riƙa yanka a kan lambobin da huɗu ke raba su, kamar 36 da 40 da 44 da 48, saboda a nan ne iyaka ke faɗawa daidai kan harafi guda na adireshin, ido ya iya karanta ta, rabon ip6.arpa, inda ake neman suna daga adireshi, ma ya zo da sauƙi. Na tsaya a kan wannan ne domin gwaji ne ga manhaja: wadda ke neman ta jera maka kowane adireshi da ke cikin /64 kamar yadda take yi wa /24, ba a gina ta domin mai sayar da intanet ba.

Mataki na uku: wace tambaya kake so manhajar ta amsa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa. Manhajojin IPAM sun kasu kashi biyu a tunaninsu. Akwai waɗanda ke leƙa hanyar sadarwa lokaci-lokaci, su aika saƙon ping, wato gajeren saƙon da ke neman na'ura ta amsa, ko su tambayi na'urori halinsu ta hanyar SNMP, su gaya maka abin da ke raye yanzu. Akwai kuma waɗanda ba sa leƙa komai, aikinsu su riƙe abin da ya kamata ya kasance, daga nan na'urori su bi.

Kashi na farko yana da daɗin farawa, domin cikin awa ɗaya za ka ga allonka ya cika da kore da ja. Amma ga mai sayar da intanet akwai rami a ciki. Abokin ciniki mai adireshi na dindindin ya rufe ofishinsa ya tafi hutu, ya kashe na'urarsa, ko kuma katangar tsaronsa ba ta amsa ping tun asali. Manhaja za ta nuna adireshin ja, wai ba a gan shi ba kwana goma. Sabon ma'aikaci ya ɗauka babu mai shi, ya ba wani. An koma gidan jiya, sai dai wannan karon da manhaja aka yi ɓarnar. Rashin amsa ping ba shaida ba ce ta cewa adireshi ba shi da mai shi, haka nan amsawa ba ta nuna cewa wanda ke kansa da izini ya hau.

Ra'ayina shi ne kundin ya zama na abin da aka ba da izini, sakamakon leƙe kuma ya zama abin dubawa a gefe, wanda ke tona inda kundi da zahiri suka saɓa. Kada a taɓa bari manhaja ta goge suna ko ta saki adireshi da kanta saboda bai amsa ba.

Akwai wata iyaka da ya kamata a shata tun yanzu. Abokan cinikin da ke karɓar adireshi mai sauyawa ta PPPoE ko DHCP ba a rubuta su ɗaya-ɗaya a IPAM. Yankin da ake ɗebo musu kawai ake rubutawa, a ce daga nan zuwa nan na rauta kaza ne. Wa ya riƙe wane adireshi da ƙarfe nawa, wannan aikin rajistar RADIUS ne, mai tantance masu shiga, da ta DHCP da ta CGNAT. Idan ƙorafi ya zo cewa wani adireshinka ya kai hari da tsakar dare, IPAM za ta nuna maka yankin da tashar, amma gano mutumin yana wurin waɗancan rajistoci, kuma a bayan CGNAT sai an haɗa da lambar port, wadda ke bambanta masu tarayya a adireshi ɗaya, da ainihin lokaci.

Mataki na huɗu: rage jerin zuwa biyu

phpIPAM ita ce mafi kusa da wanda ya taso daga Excel. Kyauta ce, tushenta a buɗe yake, an rubuta ta da PHP, tana zama a kan MySQL ko MariaDB, kuma ƙaramar saba, wato kwamfutar da za a ɗora ta a kai, ta ishe ta. Tana leƙa yankuna da kanta, tana riƙe VLAN da IPv6 da VRF, wato keɓantattun teburorin hanya a cikin rauta ɗaya, tana da ƙofar API da wasu manhajoji ke magana da ita ta ciki, tana kuma iya haɗuwa da PowerDNS, manhajar DNS mai haɗa suna da adireshi. Ma'aikacin da bai taɓa ganin ta ba zai gane allonta a yini guda, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a kamfanin da mutum ɗaya ke hawa hasumiya da safe ya amsa waya da yamma.

NetBox ta fito ne daga kamfanin DigitalOcean, inda Jeremy Stretch ya fara rubuta ta, aka sake ta ga jama'a a 2016. An gina ta da Python, tana bukatar PostgreSQL da Redis. Ita ce jagorar kashi na biyu, domin da gangan aka bar leƙe a wajen ainihin manhajar. Ba adireshi kawai take riƙewa ba, har da tashoshi, da na'urori, da bakin kowace na'ura, da kebul, da layukan da ka yi haya, da abokan ciniki, kuma duk a ɗaure suke da juna. Tsarinta ya yi daidai da yadda mai sayar da intanet ke tunani: hukumar rajista a sama, babban rabo a ƙarƙashinta, sannan yankuna, sannan adireshi. Farashin wannan tsari shi ne haƙuri, domin kafin ka ɗora adireshi a bakin wata na'ura sai ka ƙirƙiri tashar, da kamfanin da ya ƙera na'urar, da samfurinta, da matsayinta. Nautobot reshe ce da Network to Code ya cire daga NetBox a 2021, ta fi karkata ga masu sarrafa na'urori ta hanyar rubutun umarni.

Akwai NIPAP, wadda aka rubuta a kamfanin sadarwa na Tele2 a Suwidin, ba ta damu da komai ba sai yankunan adireshi da VRF, kuma an san ta da saurin bincike a cikin yankuna masu yawa. Akwai GestióIP ga wanda leƙe ta SNMP ya fi damunsa. Sai manyan na kuɗi irin su Infoblox da BlueCat da EfficientIP, waɗanda ke haɗa DNS da DHCP da IPAM wuri guda. Aikinsu yana da kyau, amma an auna su ne da manyan ma'aikatu, kuma da wuya ƙaramin kamfani ya ci rabin abin da zai biya. Wanda zai nemi irinsu ya tambayi yadda ake lissafin lasisi, ko da yawan adireshi ne ko da yawan na'urori, domin lissafin da ya yi sauƙi yau zai iya nauyi bayan kamfani ya ninka.

Kafin ka ƙara sabuwar manhaja, ka duba wadda kake cajin abokan ciniki da ita. Wasu daga cikinsu, kamar Splynx, suna da sashen rabon adireshi a ciki. Idan ita ce ke ba abokin ciniki adireshi ta tura wa RADIUS, to a bar mata wannan aiki, IPAM ta riƙe manyan yankuna da kayan aiki. Abin gudu shi ne kundi biyu su riƙa iƙirarin mallakar yanki ɗaya.

A taƙaicen hukuncina, kamfanin da ke da injiniya ɗaya ko biyu, babu mai rubuta umarnin kwamfuta a cikinsu, ya fara da phpIPAM. Wanda tashoshinsa ke ƙaruwa, yana da niyyar sarrafa rauta da Ansible ko Python, ya jure wahalar farko ta NetBox.

Mataki na biyar: gwada su da bayananka na gaske

Gani ya kori ji. Ka ɗora biyun da ka zaɓa a kan saba ta gwaji, ka zuba musu bayanan tasha ɗaya, wadda ta fi kowacce hargitsi, sannan ka ba su aikin da ake yi kullum. Ka nemi /29 na gaba da babu kowa a kansa, ka ga danni nawa ya ɗauka. Ka yi ƙoƙarin rubuta adireshi ɗaya sau biyu da gangan, ka ga ko za ta hana ka. Ka shigar da 192.168.1.0/24 ga abokan ciniki biyu a VRF daban-daban, wanda dole ta karɓa, sannan ka maimaita a VRF ɗaya, wanda dole ta ƙi ko ta yi gargaɗi. A NetBox wannan hani yana da maɓallinsa, a duba an kunna shi. Ka yanka /56 daga cikin /40. Ka rubuta sunan abokin ciniki a wurin bincike, ka ga ko duk abin da ke hannunsa zai fito a allo ɗaya.

Daga nan ka goge wani yanki, ka je rajistar canje-canje ka ga ko ta rubuta wanda ya goge, da lokacin, da abin da ke wurin kafin gogewar. Ka buɗe asusun mai amsa waya wanda zai iya gani amma ba zai iya gyarawa ba. Ka kira ƙofar API da ɗan gajeren umarni, ko da ba ka da niyyar amfani da ita bana, domin ranar da za ka so fitar da sunayen in-addr.arpa, takwarar ip6.arpa a IPv4, kai tsaye daga kundin, ta nan za ka bi. Kuma kada wanda ya ɗora manhajar ya yi gwajin shi kaɗai. A zaunar da ma'aikacin da ya fi kowa ƙin sabon abu, a ba shi aikin sabon abokin ciniki daga farko har ƙarshe, a yi shiru a kalli inda zai tsaya.

Gwaji biyu na ƙarshe su ne waɗanda ake mantawa. Ka fitar da duk bayanan zuwa fayil na CSV ka buɗe shi, domin ka tabbatar ƙofar fita a buɗe take idan wata rana ka so ƙaura. Sannan ka ɗauki kwafin rumbun bayanan, ka rushe sabar gwajin gaba ɗaya, ka sake gina ta daga kwafin, kana duba agogo.

Mataki na shida: inda za ta zauna

Kundin nan taswirar kamfaninka ce baki ɗaya, da sunayen abokan ciniki a ciki, saboda haka ba a buɗe ta ga intanet. A ajiye ta a bayan VPN, kowane ma'aikaci da asusunsa, a riƙa sabunta ta idan an fitar da gyaran tsaro. A kuma yi tunanin ranar da babbar rauta za ta faɗi: idan IPAM tana bayan rautar, ba za ka iya buɗe ta ba a daidai lokacin da ka fi bukatarta. Kwafin CSV da ake fitarwa kowane dare zuwa wani wuri dabam yana toshe wannan ɓaraka.

Mataki na bakwai: ƙaura

Kada ka kwashe shafin Excel yadda yake ka juye a sabuwar manhaja, domin tsohuwar ƙarya za ta samu sabon gida ne kawai. Ka bi tasha-tasha. A kowace tasha ka kwatanta abu uku: abin da shafin ya ce, abin da ke cikin saitin rauta da teburin ARP, da abin da sashen kuɗi ya ce ana biya. Inda ukun suka yi daidai, ka shigar. Inda suka saɓa, ka sa wa adireshin alamar ana bincike, kada ka sake shi. A nan ne yawanci ake tsintar yankunan da masu su suka daɗe da tafiya, da kuma adireshin da ake amfani da su ba tare da an taɓa caji ba.

Manyan yankuna ake fara shigarwa, sannan na tashoshi, sannan adireshi ɗaya-ɗaya. A daidaita yadda za a riƙa rubuta bayani tun daga layin farko, misali lambar abokin ciniki ta sashen kuɗi ta zama ita ce shaida, domin suna yana zuwa da rubutu iri uku daga hannun mutum uku. Idan an gama, a duba rajistar hukumar yankinka a ga ko abin da aka rubuta a can, da takardun ROA na RPKI masu shaida cewa kana da izinin sanar da yankin, sun yi daidai da abin da kake sanar wa sauran kamfanonin intanet ta BGP.

Ranar da tasha ta ƙarshe ta shiga, a kulle shafin Excel ya zama na karatu kawai, a kuma kafa doka biyu a rubuce. Ta farko, ba a sa adireshi a kan kowace na'ura sai an riga an rubuta shi a kundi, ko da dare ne, ko da injiniya yana saman hasumiya, sai ya kira wani ya rubuta masa. Ta biyu, adireshin da abokin ciniki ya bari ba a ba wani nan take. A ajiye shi wata ɗaya zuwa uku da alamar jira, a goge sunansa na DNS, a cire shi daga dokokin katangar tsaro, a duba ko yana cikin jerin adireshin da ake toshewa saboda saƙonnin banza, sannan a mayar da shi rumbu. Sau ɗaya a wata kuma a ɗora wa mutum guda, da sunansa, aikin fitar da teburin ARP da jerin hanyoyin kowace rauta ya kwatanta da kundin, ya kawo bambancin da ya gani a taron injiniyoyi na gaba.